Tsakuwa a Gwangwani

Shafi na 12

Masu turo mini saƙo kuna cewa na yi shiru, ku yi haƙuri. Wannan karon ba rashin caji ba ne, hannuna ne ya ƙi rubutu. Kuma tun yanzu ina gaya maku, duk wanda yake jiran ya ji na je na gyara wa 'yata al'amari, ya shirya zuciyarsa. Abin da na je gyarawa jiya Asabar, ni na ɓata shi da bakina, a gaban abokanta.

Kun dai tuna alkawarin da ke tsakanina da 'yata Hulda. Ƙungiyarsu ta masu fim, fim ɗaya suke iya yi a shekara. Jiya ce ranar da za su zaɓi labarin da za a ɗauka, ko nata, ko na wani saurayi Silvanus. Idan an zaɓi nata, na ba ta shekara guda ta bi wannan hanya, ba zan ƙara magana ba. Idan ba a zaɓa ba, ranar Litinin ta tafi Kwoi ta kama aikin koyarwa da kawunta Rufus ya samo mata. Ni na kawo sharaɗin, ita ta yarda, mamanta ta shaida.

Abin da ya fitar da ni daga gida kuwa, idonta ne. Duk ranar da ta dawo daga wannan zama nasu na gyaran labari, idon nan ja, abinci ma sai an roƙe ta. Sai na ce yau zan je in ga masu sa mini yarinya kuka.

Maman Hulda ta gan ni ina goge takalmi.

"Baban Hulda, ina za ka da rigar coci ranar Asabar?"

"Zan kai ta ne kawai."

"Kai ta kawai, har da hula?"

Na ci gaba da goge takalmina.

"Ka kai ta ka juyo," in ji ta. "Ba kai aka gayyata ba."

Ban juyo ba.

A bayan shagon hoto na Irfan suke taruwa, can wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Irfan shi ne shugabansu, shi ke riƙe kamara. Yaro ne mai ladabi, na san babansa a kasuwa tun yana sayar mini da ƙusa. Yana ganina na biyo Hulda ciki ya miƙe.

"Baba, sannu da zuwa. Fasfo za a ɗauka?"

"Na zo in ji abin da kuke yi wa 'yata."

"Baba, don Allah," in ji Hulda, a hankali, ba ta ko dube ni ba.

Irfan ya yi murmushi.

"Ba ma korar baƙo. Amma nan ba a zaman kallo. Duk wanda ya zauna, sai ya riƙe gwangwani."

Sai a lokacin na lura. Kowa a kan benci yana da ƙaramin gwangwanin tumatir a gabansa, da 'yan tsakuwa a hannu. Irfan ya yi mini bayani. Za a karanta labarin da baki, kowa da muryar da aka ba shi. Mai labari za ta zauna a kujera tana fuskantar bango, ba ta ganin kowa, ba ta cewa komai har a gama. Kai mai sauraro, duk inda ka ji hankalinka ya bar labarin ya tafi wani wuri, sai ka saki tsakuwa a gwangwani. Ita kuma ta ji ƙarar, ta sa alama a takardarta.

"Shi ke nan aikin," in ji shi. "Ba zagi, ba yabo na ƙarya. Wanda hankalinsa ya tafi amma ya riƙe tsakuwarsa, ya yi wa mai labari ƙarya."

Ƙananan gwangwanayen sun ƙare. Wata doguwar yarinya mai suna Doreen ta zazzage tsakuwar da ke cikin babban gwangwanin madara, ta ajiye mini shi tsakanin ƙafafuna.

"Na manya ne wannan, Dadi," in ji ta. "Ka yi a hankali, yana da murya."

Aka yi dariya. Hulda ba ta yi ba. Ta juya kujerarta ta fuskanci bango.

Na ce a raina, ko za a kwana ana karatun nan, tsakuwata ba za ta bar hannuna ba.

Labarin na wani manomi ne, Dogara, a shekarar da ciwo ya shiga citta ta ruɓe a cikin ƙasa. Silvanus ke karanta muryar Dogara, Doreen ta matarsa. Gaskiya farkon ya kama ni. Inda mutumin ya tona gindi ɗaya ya ji wari, ya mayar da ƙasa ya rufe, ya tona na gaba, har na ji warin a hancina, don ni ma gonata ba ta tsira ba a shekarar. Ba wanda ya motsa. Na dubi bayan Hulda, na ji kaina ya ƙara girma.

Sai aka zo inda Dogara ya tsaya a tsakiyar gona ya fara jawabi.

Ya yi magana a kan ƙasa. Ya yi magana a kan kakanni. Ya yi magana a kan wahalar talaka da haƙurin Ayuba.

Ƙwal.

Gwangwanin wani daga can baya.

Ƙwal. Ƙwal.

Na ga hannun Hulda yana sa alama. Na ƙara damƙe tawa tsakuwar har ta shiga mini tafin hannu.

Ban san yadda aka yi ba. Kawai na tsinci kaina ina tunanin ko na kulle wuyan babur ɗina a waje. Daga babur na wuce kan ƙofar da na yi wa wata mata alkawarin gamawa, ina lissafin ko katakon ya bushe. Da na dawo, Dogara yana nan a tsakiyar gona, bai gama ba.



Ku da kuke karantawa, ku tsaya a inda na tsaya. Idan na riƙe, na yi wa 'yata ƙarya, ni da nake dattijo a ikilisiya. Idan na saki, gwangwanina ba irin na kowa ba ne, za ta san ni ne. Kuma za ta ce Baba ya zo ne ya tura ni Kwoi. Abin da ya fi damuna ma, na tambayi kaina: Azariya, gaskiya ce take son buɗe hannun nan, ko Kwoi ce? Ban samu amsa mai tsabta ba.

Na buɗe hannun.

Gwangwanin nan ya yi ƙara kamar an buga ƙararrawar sujada a coci.

Silvanus ya yi tuntuɓe a karatunsa. Kafaɗar Hulda ta ɗaga, ta tsaya a sama. Biron da ke hannunta bai motsa ba na ɗan lokaci. Daga baya ta sa alamar.

Aka ƙarasa karatun. Ba wanda ya ƙara sakin tsakuwa har ƙarshe.

Irfan ya ce a fara da abin da ya zauna a zuciyar kowa. Aka yabi wurin tonon citta. Silvanus ya ce ƙarshen ya sa masa ƙwalla, shi da ke takara da ita. Na fara samun numfashi. Sai aka zo kan gyara, Doreen ta gyara zama.

"Hulda, wannan Dogara naki, manomi ne ko fasto?"

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Da gaske nake. Mutum cittarsa ta ruɓe, ya tsaya a rana yana wa'azi wa kunyoyin gona? Waye yake jinsa, akuya? Kin ji tsoro ba za mu gane ciwonsa ba, sai kika sa shi ya yi mana bayani. Ba ki yarda da mu ba, shi ne matsalar. Kuma ba yau muka fara gaya miki ba. Kin rage masa layi kaɗan kin dawo mana da shi kamar ba mu san shi ba. Abeg, ki cire shi gaba ɗaya."

Na ga Hulda ta kai bayan hannu ta share fuska.

A nan ne abin ya kuɓuce mini.

Ku fahimce ni. Inda na taso, idan an taru a kan ɗanka ana faɗa masa laifi, babba yakan miƙe ya cire hula ya ba da haƙuri a madadinsa. Haka muke yi a gida, haka muke yi a zaman sulhu na coci. Ni ban san wata hanya ba. Ga kuma ƙarar gwangwanina tana mini yawo a kunne.

Na miƙe. Na cire hula.

"Baba," in ji Irfan, "da ka bari..."

"'Ya'yana, ku yi haƙuri, na san ni baƙo ne. Yarinyar nan ta wahala a kan rubutun nan, ni shaida ne. Duk inda ta yi kuskure, ku ɗora a kaina. Roƙon arziki nake yi. Idan ba ku zaɓi nata yau ba, jibi Litinin za ta tafi Kwoi koyarwa, ta bar fim ke nan. Ni na sa mata sharaɗin. Ku duba ta, don Allah."

Na zaci zan ji ana cewa ba komai, Baba, zauna. Haka ake amsa wa babba.

Ba wanda ya amsa mini haka.

Silvanus ne ya fara magana.

"Wace Kwoi?"

"Hulda," in ji Doreen, muryarta ta sauka, "za ki tafi, ba ki gaya mana ba?"

Sai na gane. Ba su sani ba. Duk tsawon watannin nan ba ta gaya wa kowa a cikinsu ba.

Kujerar nan ta juyo a hankali. Tun da suka fara wannan zama, in ji Irfan daga baya, Hulda ba ta taɓa juyowa kafin a gama ba.

"Baba, ka gama?"

"Hulda, taimako nake..."

"Na sani. Ka gama?"

Na ce na gama.

Silvanus ya ajiye takardunsa a kan benci.

"In haka ne, ni na janye nawa. Ba inda za ni. Baɗi ma shekara ce."

Hulda ta dube ni, ta nuna shi da biro.

"Ka gani? Ka ga abin da nake gudu?"

"Ai alheri ya yi miki," na ce.

"Ba alheri na zo nema ba, Baba. Na zo in sani ne ko na iya. Kai ka ce in gwada, idan ban iya ba in koma aji. To ina so in sani da gaske. Shi ya sa na rufe bakina. Yanzu ko duka sun ɗaga mini hannu, labarin suka zaɓa ko 'yar Baba mai tafiya Kwoi?"



Doreen ta taso ta tsaya a gabana. Na ɗauka rashin kunya za ta yi mini.

"Dadi, no vex, kar ka ji haushi, bari in gaya maka wani abu. Tun daga gida na fito da niyyar nata zan zaɓa. Silvanus ma ya sani, na faɗa masa a fuska."

"Ta faɗa," in ji Silvanus. "Ba ta ko sa masa gishiri ba."

"To me ya sa kike yanka ta haka?" na tambaye ta.

"Domin shi nake so mu ɗauka. Ni zan tsaya gaban kamara a fim ɗin nan. Ranar da za mu nuna shi, mutanen Kafanchan ba su da gwangwani, Dadi. Idan hankalinsu ya tafi, ƙafarsu ce za ta bi shi, su tashi su fita. Gara ta ji ƙwal a nan, cikin mu da muke son ta."

Ta juya wajen Hulda.

"Kin ji ko? Naki na zo zaɓa."

"Na ji," in ji Hulda. "Amma bayan Baba ya yi magana kika faɗa."

Doreen ta koma ta zauna. Yarinyar da na ɗauka ba abin da zai sa ta shiru.

Aka kira la'asar a masallacin bakin titi. Irfan ya ce a ba shi lokaci ya yi salla, kowa ya sha iska. Ba wanda ya fita shan iska. Muka zauna kamar gidan makoki, ni da hulata a gwiwa. Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, ruwan alwala bai gama bushewa a gemunsa ba.

"Yau ba za mu zaɓa ba," in ji shi. "Duk hannun da aka ɗaga yau, ko na tausayi ne, ko na gudun a ce tausayi ne. Silvanus, ɗauki takardunka, ba ka janye komai ba. Gobe da yamma, bayan kun taso daga coci, zan kira mutane daga waje. Masu acaba, mata masu sayar da doya, duk wanda bai san ku ba. Irin Baba dai, waɗanda ba su san komai a kan fim ba. Ka yi haƙuri, Baba."

"Ba ka yi ƙarya ba," na ce.

"Mu ba su gwangwani, mu karanta labari biyun ba suna. Wanda ya fi riƙe su, shi za mu ɗauka. Hulda, kina da daga yanzu zuwa goben ki yi abin da kika ga dama da jawabin Dogara."

"Idan na zo," in ji ta.

Ta tattara takardunta ta fita.

Na same ta a waje, tsaye kusa da babur. A kulle yake, ashe.

"Hulda, maganar Kwoi, na janye. Zan kira kawunki yanzu."

"Kar ka kira."

"Na ce na janye."

"Wannan ma tausayi ne, Baba. Ka bar shi yadda muka yi."

Wani mai rake ya wuce da baro yana kallonmu.

"Tambaya ɗaya zan yi maka," in ji ta. "Kar ka yi mini maganar dattijo, ka yi mini ta mai gwangwani. Tsakuwar nan da ka saki, don Kwoi ne?"

Na so in ce a'a da ƙarfi. Abin da ya fito daban.

"Hankalina ya tafi da gaske. Wannan na tabbata. Sauran, Ubangiji ne ya san zuciyata, ni ma ban gama ganinta ba."



"Ina ya tafi?"

"Wajen babur. Ko na kulle shi."

Gefen bakinta ya motsa kamar za ta yi dariya, ta hana shi.

"Yaushe ya dawo?"

Wannan ban sha wahalar amsawa ba. Bayan jawabin akwai wani ɗan gajeren wuri. Dogara ya dawo gida, matarsa ta ajiye masa tuwo, ya dubi yaran ya ce ya ci a hanya. Matar ta san babu mai abinci tsakanin gona da gida. Sai ta tura wa yaran kwanon.

"Inda ya ce ya ci a hanya," na ce. "Daga nan bai ƙara tafiya ba."

Na san inda ta samo wannan wurin, a gidanmu ne, shekarar da tawa cittar ta ruɓe. Ita ma ta san na sani. Ba wanda ya taɓa zancen a cikinmu.

"Layi ɗaya ne fa," in ji ta, kamar da kanta take magana. "Jawabin kuwa sati nawa na yi a kansa."

"Hau mu tafi gida."

"A'a. Wajen Doreen zan kwana."

"Wadda ta sa ki kuka?"

"Ita."

Na dawo gida ni kaɗai. Maman Hulda ta dubi bayan babur ba kowa, ta dubi hular. Da na ba ta labari ta ce, "Na ce ka juyo," ta ci gaba da tsintar wake.

A hanya na yi ta juya abin. Ni kafinta ne, na san idan mai kaya ya ce kujera tana rawa, ba ƙina yake yi ba. Amma ban taɓa tunanin haka a kan abin da 'yata ta yi da hannunta ba. Jan idon nan da nake gani duk Asabar, na ɗauka wulakanci ake mata. Ashe wurin nan ne kaɗai ake gaya mata gaskiya ba tare da an duba ko 'yar waye ba, ni kuma na shiga da hulata na tuna masu.

Yau Lahadi kujerarta a cikin mawaƙa ba kowa. Bayan sujada Doreen ta tare ni a bakin ƙofar coci.

"Dadi, ta ce in gaya maka kar ka zo."

"To ita za ta je?"

"Ba ta faɗa ba."

"Ta cire jawabin?"

"Ta hana ni gani. Tun safe take zaune da takardun, ban ga ta rubuta komai ba."

Yanzu da nake rubuta maku wannan, rana ta fara yin sanyi. Jakar Hulda tana bakin ƙofa, mamanta ta shirya ta tun shekaranjiya. Rufus ya kira yana tambayar motar da za ta hau gobe, na ce zan kira shi.

Ban sani ba ko ta cire jawabin Dogara. Ban sani ba ko ta je shagon Irfan. Kuma ɗazu da Fasto ya ce kowa ya durƙusa ya roƙa wa 'ya'yansa abin da yake so, na durƙusa har aka ce amin, ban san wanne zan roƙa ba, fim ko Kwoi.

Har yanzu ban sani ba.